Askin Motar Hekuran

Kwana biyu bayan sadakar arba'in, Petrit ya yaye tamfol ɗin da aka rufe motar babansa da shi, ya tsaya hannu a ƙugu yana kallonta kamar wanda aka bar wa gadon tsohon jaki. Marsandi ce mai shan gas, ruwan ƙasa, cikin waɗanda aka fara saukewa a tashar jiragen ruwa ta Durrës a nan Albaniya tun yana ɗan firamare, kuma ko a wancan lokacin wani Bajamushe ya riga ya cinye ƙuruciyarta. Shekara ashirin da huɗu marigayi Hekuran ya yi yana haya da ita tsakanin garinmu Gramsh da Elbasan da ƙauyukan da ke kan duwatsu. Da wuya ka sami wanda bai taɓa shigarta ba a garin nan. Ta ɗauki amare, ta ɗauki marasa lafiya da 'yan makaranta da masu cuku da gwangwanayensu, kuma tumaki sun sha tafiya a but ɗinta.

Shi kuwa Petrit shekararsa goma sha biyar a Italiya yana aikin manna tayil, kuma mako guda kacal ya rage masa a hutun da ubangidansa ya ba shi. Mahaifiyarsa Sanije ba ta tuƙi. Ita ce ma ta fara ɗago zancen, tana tsaye a bakin ƙofa cikin baƙaƙen kayan makoki.

"Ka sayar da ita, ɗana. Kullum na buɗe taga ita nake fara gani, sai in ji kamar yanzu zai fito yana cigiyar makullinsa. Abin da aka samu a yi wa kabarinsa dutse, farin nan mai sheƙi, mai hoto a jiki."

"To, Mama."

"Amma ka nemi mutumin kirki. Babanka ba ya son mai tuƙin ganganci."

Ya shiga ya zauna. Kujerar direba ta lotsa daidai jikin wani mutumin da ba shi ba. Ya murɗa makulli, motar ta yi tari sau biyu ta kama. Idonsa ya sauka a kan maleji, 'yan lambobin nan guda shida da ke ƙirga tafiyar mota tun ranar da aka ƙera ta. Ta farkon takwas ce. Bai ma tsaya karanta sauran ba ya ja tsaki. Kilomita dubu ɗari takwas da wani abu, wa zai sayi wannan in ba 'yan gwangwan ba?

Bai zame ko'ina ba sai garejin Bujar, abokin ajinsa tun firamare, wanda yanzu ya yi tumbi har ana ce masa Usta Bujar, wato babban makaniki. Ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu a wando.

"Ɗan Italiya, sannu da zuwa. Allah ya ji ƙan Baffa Hekuran, ku kuma Allah ya ja kwananku." Ya buɗe gaban motar, ya kasa kunne, ya gyaɗa kai. "Injin nan sai ya binne ni ya binne ka. Amma da wannan lambar ko yuro dubu ɗaya ba za ka gani ba. Sai dai ka yi wa Baffa dutsen siminti, ka zana hotonsa da gawayi."

"To ya za a yi?"

"Ji shi kamar ba ɗan ƙasa ba. Taliya ta cinye maka ƙwaƙwalwa ne? Aski za a yi mata."

Haka masu sana'ar ke kiran abin. Ba wanda zai ce maka ya juya lamba baya, sai dai ya ce ya yi wa mota aski. Kuma kada wani ya yi mini fuskar mamaki. Duk faɗin Albaniya ka nemo mini tsohuwar motar da malejinta ke faɗin gaskiya, ni zan saya maka gahawa har shekara. Mai sayarwa ya rage, mai saye ya ninka a zuciyarsa, su yi musabaha kowa ya tafi yana ganin ya ci riba. Mota ɗaya ce ta fita zakka a garinmu, kuma ita ce wannan.

"Sau uku ina roƙon babanka ya bari in rage mata," in ji Bujar yana dariya. "A na ukun ya ce in na ƙara zai je ya gaya wa uwata abin da ta haifa. Mutum da taurin kai kamar ƙusa. Wai shi kowace kilomita da guminsa ya taka ta."

Maganar ta soki Petrit, don ya san gaskiya ce, ya kuma san muryar da babansa zai faɗe ta da ita. Ya kawar da kai yana kallon tulin tayoyi. Amma fa ya riga ya je wajen mai sassaƙa dutse jiya, ya ji farashi, ya fito jiki a sanyaye. Ya ce a ransa ai ba aljihunsa zai sa kuɗin ba, na dutsen Baba ne. Ya maimaita wa kansa wannan har sau uku, kuma ko sau ɗaya bai ji ta zauna ba.

"Yi mata," ya ce. "Amma Bujar, kada maganar nan ta fita. In ta kai kunnen Mama ban san inda zan sa kaina ba."

"Bakina ƙanin ƙafata."

Bujar gwani ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya kwance gilashin, ya zaro malejin, ya ɗora a benci, ya riƙa juya 'yan lambobin da bakin sukundireba yana fito. Bai fi rabin sa'a ba aka koma dubu ɗari da casa'in. Ya ce ɗari biyu tana tsorata mutane, ɗari da hamsin kuma ko mahaukaci ba zai yarda ba. Ya canza robobin birki da na totur da suka suɗe har ƙarfe ya fito, ya sa wa sitiyari sabuwar riga, ya kwance allon haya daga saman motar. Sannan ya ɓamɓare 'yar takardar da ke manne a jikin ƙofa, wadda ake rubuta lambar da aka yi juyen baƙin mai, ya jefa ta cikin murhun da suke jin ɗumi.

"Saura bakinka," ya ce. "Babanka malamin makaranta ne mai ritaya. Ranar Lahadi kawai yake fita da ita, ya kai matarsa gidan 'yan'uwa ya dawo. Kada kalmar haya ta kuskura ta fito. Kuma kada ka sayar a nan, kowa ya san ta har kajin gari. Kai ta Elbasan."

Da ya koma gida Sanije ta leƙo ta taga ta ce motar ta yi fes, babansa zai ji daɗi. Ta ajiye masa burek, gurasar nan tamu mai alayyafo a ciki, da zafinsa. Ya ci yana kallon faranti, kowace loma sai ya kora da ruwa.

Ranar Lahadi da sassafe yana filin da ake cin kasuwar motoci a bayan Elbasan, cikin taɓo da hayaƙin masu gasa nama. Masu saye suna zagayawa hannu a aljihu, suna shurin tayoyi kamar sun yi musu laifi. Wani mai jar riga ya leƙa ta taga, ya karanta malejin, ya ce wa abokinsa, "Ɗari da casa'in. Ɗari huɗu ke nan." Ya juyo ga Petrit. "Likita ne ko malami?"

"Malami," in ji Petrit.

"Ai na sani. Duk motocin filin nan na malamai ne da likitoci. Ko su waye ke koyar da yaranmu, oho."

Suka wuce suna dariya. Aka yi ta zuwa ana tafiya, kuma kusan duk wanda ya zo sai ya yi kokawa da ƙofar baya ta dama, don tana da hali: sai ka danna ta da gwiwa ka ɗaga mariƙin a lokaci guda sannan ta buɗe. Petrit ya gaji da nunawa, ya gaji da labarin malami. Abin haushin, da ya faɗa sau biyar sai bakinsa ya saba, har ya fara ƙara gishiri, wai malamin ba ya fita in ana ruwan sama.

Wajen azahar wani dattijo ya tsaya a gaban motar. Siriri ne dogo, da farar hular ulu da tsohon kwat mai ƙamshin hayaƙin itace, kallo ɗaya za ka san daga kan dutse ya sauko. Bai shuri taya ba, bai ce a buɗe inji ba. Ya ɗora tafin hannunsa a saman motar ya jima a haka. Sai ya zagaya, ya sa gwiwa, ya buɗe ƙofar baya ta dama tashi ɗaya, ya shiga ya zauna. Petrit ya gani da idonsa, amma hankalinsa na kan farashin da zai faɗa, bai kawo komai ba.

"Zaga da ni, ɗana," in ji dattijon.

"Ka dawo gaba mana, Baffa."

"Nan ya ishe ni."

Suka hau titi. Dattijon yana ta sauraron inji, har suka wuce gidan mai na biyu.

"Ta wace ce?"

"Ta babana ce. Ya rasu, kwanan nan muka yi arba'in."

"Allah ya ji ƙansa. Me yake yi?"

"Malamin makaranta ne. Ya yi ritaya. Ba ya fita da ita sai Lahadi."

"Me yake koyarwa? Lissafi?"

"Eh, lissafi."

"Nawa ka sa mata?"

"Dubu biyu da ɗari biyar."

Dattijon ya miƙo wuya ta tsakanin kujeru, ya kanne ido yana karanta malejin. Ya jima yana karantawa, kamar lambobin sun fi shida.

"Wannan lambar gaskiya ce?"

"Gaskiya ce, Baffa."

"Ni tsoho ne, a kan dutse nake, in ta tsaya mini a hanya ba mai tura ni sai awaki. Gaya mini tsakaninka da Allah."

"Na rantse da ran babana."

Rantsuwar ta fito ne kafin ya kama ta. Mu nan da wannan rantsuwar ake musun ƙwallo, da ita ake sayar da kankana, ta zama kamar gaisuwa. Amma ba a yin ta kwana arba'in da huɗu da binne mutum, a cikin motarsa, a kan kujerarsa. Petrit ya tsura wa titi ido, ya ƙi kallon madubi.

"To," in ji dattijon, ya koma ya jingina. "Na saya. Tsaya a shagon can mu sha gahawa."

Bai nemi ragi ko na sisi ba. Wannan ya fi komai tayar wa Petrit hankali, don ba a taɓa yin ciniki haka a filin nan ba. Suka zauna a wani teburi kusa da taga, aka kawo musu gahawa biyu. Dattijon ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Sunana Ramiz, daga ƙauyen Sult. Ranar jana'iza na riƙe hannunka, amma mun fi mu ɗari uku, ban ga laifinka ba da ba ka gane ni ba. Shekara goma sha takwas, duk Alhamis, ina kan kujerar nan ta baya da gwangwanin cukuna a cinya."

Petrit ya ajiye ɗan kofinsa. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da ya gode mata.

"Ranar da ta cika dubu ɗari biyar ina ciki," Ramiz ya ci gaba, muryarsa a kwance kamar yana ba da labarin ruwan sama. "A kan gadar Devoll ne. Babanka ya taka birki a tsakiyar hanya, ya sa mu duka biyar muka leƙo muka ga lambobin sun juye. Wata mata tana ta masifa za ta makara asibiti, ya ce ta yi haƙuri, wannan ba kullum ake gani ba. Ya saya mana gahawa, ranar bai karɓi kuɗin kowa ba. Yau shekara tara ko goma ke nan. To ka ga ko ni da ban yi makarantar malamin lissafi ba, na san ɗari biyar ta fi ɗari da casa'in."

"Baffa…"

"Jiya na sauko Gramsh don in yi wa mamarka maganar motar, sai aka ce mini ka ce za ka kawo ta nan. Na biyo ka da kuɗina a aljihu. Da ka ce mini dubu ɗari takwas ne, da abin da ka faɗa zan ba ka, don na san hannun da ya riƙe ta. Na tambaye ka sau biyu ne don in ba ka hanya."

"Wallahi ba don kaina na yi ba," in ji Petrit, muryarsa ta koma ta yaro. "Dutse za mu yi wa kabarinsa. An ce mini da waccan lambar ba wanda zai saya."

"Dutse." Ramiz ya gyaɗa kai. "Madalla. Shekarunsa fa, daidai za ku rubuta a dutsen, ko shi ma aski za a yi masa?"

Petrit ya sunkuyar da kai. Mutum mai shekara talatin da takwas, mai mata da 'ya'ya biyu, ya zauna yana kallon tokar sigari a teburi, hawaye na neman kunyata shi a gaban mai shago.

"Ka ba da abin da ka ga dama, Baffa. Ko dubu ɗaya. Ko ka ɗauke ta haka nan."

"A'a. Farashi ka faɗa na ce na saya, ni maganata ɗaya ce. Amma ba wannan motar na saya ba, ta Hekuran na saya. Ka koma wajen wanzaminka ya mayar da lambar yadda take, kada ya rage kada ya ƙara. Akwai tafiyata a ciki, ta shekara goma sha takwas, ka goge har da tawa ba ka tambaye ni ba. Ka kawo mini ita Sult ranar Laraba."

"Zan kawo. Don Allah, Baffa, kada Mama ta ji."

"Ni ba na kai wa mai makoki irin wannan kaya."

Ya tashi, ya sa hularsa. Gahawarsa tana nan ko kurɓa bai yi ba. Ya laluba aljihu ya ajiye kuɗin kofi ɗaya, nasa kaɗai, a gefen faranti. A ƙasar da maza ke kusan dambe a kan wa zai biya wa wani gahawa, Petrit bai buƙaci a fassara masa wannan ba. Ya zauna har dattijon ya tsallaka titi ya shiga motar ƙauye.

Litinin da safe yana garejin Bujar kafin a gama buɗe ƙofa. Da ya faɗi abin da ya kawo shi, Bujar ya yi dariya har ya zauna a kan taya yana riƙe ciki.

"Shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa kawo mini mota an ce in ƙara mata tsufa ba. Kai da babanka dai jirgi ɗaya ya kwaso ku. Ya biya kuɗin da ka faɗa, kuma yana son tsohuwar lamba? Mutanen kan dutse sai a bar su."

"Ka yi kawai, Bujar."

"Zan yi, ai ya fi sauƙi ma." Ya kwance gilashin, ya zaro malejin, ya ɗora a benci, ya ɗauki sukundireba. "To faɗi."

"In faɗi me?"

"Lambar mana."

Petrit ya buɗe baki. "Takwas," ya ce. "Ɗari takwas da…" Sai ya tsaya. Ya rufe ido yana neman lambobin nan shida, ba abin da ya gani sai takwas ɗin farko da tsakin da ya ja. "Kai ba ka duba ba?"

"Ni aski nake yi, ba tarihi nake rubutawa ba. Ina jin akwai bakwai a wani wuri. Ko huɗu."

Ya zaro wayarsa ya bi hotunan da ya ɗauka na talla, duk bayan askin ya ɗauke su. Ya buɗe aljihun gaban motar ya zazzage shi a kujera: tsofaffin kasakasai, fis na wutar mota guda uku, alewar na'ana'a da ta narke, tabaran karatu mai hannu ɗaya. Babu wata takarda mai lamba. Hekuran a kansa yake ajiye komai, kuma 'yar takardar juyen mai ta zama toka tun ranar Juma'a.

"Kai, kada ka wahalar da kanka," in ji Bujar. "In sa ɗari takwas da hamsin. Shi tsohon ya san ta ne? Ba wanda ya sani a duniyar nan."

Har Petrit ya ɗaga kai zai ce to. Gaskiya ne, Ramiz ba zai gane ba, Laraba za ta zo ta wuce, Alhamis yana jirgi. Sai ya fasa, don ƙaryar jiya ce dai za a sake wa riga, kuma wannan karon da saninsa zai ƙirƙiro wa babansa tafiyar da bai yi ba ko ya zubar masa da wadda ya yi. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, mutum ya yi shekara ashirin da huɗu yana tara lamba, ɗansa guda ɗaya ya zauna a gabanta ya kasa karanta ta har ƙarshe.

"Mayar da malejin cikin motar tukuna, ina zuwa," ya ce.

Mutum ɗaya ya rage da zai iya tambaya, kuma ita ce wadda ya yi duk wannan ɓoye-ɓoyen don kada ta ji. Mai yiwuwa ma ba ta sani ba, ya tona wa kansa asiri a banza. Ya ja motar ya zagaya garin sau biyu kafin ya iya tsayawa a ƙofar gida.

Ya same ta a kicin tana tsince farin wake a faranti, tabarau a kan hanci. Ya zauna a kujerar da ke fuskantarta, ya ɗauki ƙwayar wake yana juyawa.

"Mama, ko kin san inda malejin motar Baba ya tsaya?"

"Dubu ɗari takwas da saba'in da huɗu da ɗari uku da goma sha shida."

Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ture wani tsakuwa gefe da ɗan yatsa.

"Ranar da ciwon ƙirjin ya kama shi, shi ya tuƙa mu har asibitin Elbasan, ya ƙi yarda a kira kowa. Da ya tsaya a bakin ƙofa ya kashe mota, fuskarsa ta yi fari fat, na kasa kallonsa, sai na tsura wa lambobin ido. Ya ga inda nake kallo, ya ƙwanƙwasa gilashin da farce, ya karanta mini su ɗaya bayan ɗaya, ya ce, Sanije, saura kaɗan miliyan. Abin da ya hau bayan wannan maƙwabci ne ya dawo da ita, ba na babanka ba ne." Sai yanzu ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Me ya sa kake tambaya? Ba ga shi nan a rubuce a motar ba?"

Ya gaya mata. Ya so ya tsaya a askin kawai, amma da ya fara sai abin ya kwance gaba ɗaya: garejin Bujar, takardar da aka ƙona, malamin makarantar da ba ya fita sai Lahadi, Ramiz na Sult da gahawar da bai sha ba. Rantsuwar ya bari ƙarshe, ya faɗe ta yana kallon ƙasa, da kyar muryarsa ta kai ƙetaren teburi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta yi ɗaya daga ciki da ya fi masa sauƙi. Ta cire tabarau ta ninke.

"Malamin makaranta," ta ce. "Direban haya bai ishe ka uba ba?"

"Mama, ba haka ba ne."

"Da ransa ka rantse."

"Eh."

Ta ture farantin waken, ta tashi, ta ɗauko baƙin ɗankwalinta a bayan ƙofa ta ɗaura a gaban madubi, a hankali, kamar mai shirin zuwa gaisuwa.

"Tashi ka kai ni wajen Bujar ɗan gidan Liri."

"Ki zauna, Mama, ki rubuta mini kawai in kai wa Bujar ɗin."

"A'a. Da bakina zan faɗa masa, in tsaya a kansa har ya gama. Kai in na ba ka, kana iya zubar da wasu a hanya."

Ya riga ta fita, ya yi sauri ya buɗe mata ƙofar gaba, inda take zama tun ranar da motar ta shigo gidan, ko da fasinjoji sun cika sai dai su matsu a baya. Ta wuce shi kamar ba ta ga ƙofar ba. Ta sa gwiwa ta buɗe ta baya, ta shiga ta zauna a wurin fasinja, ta ɗora jakarta a cinya.

"Mu je, direba," ta ce.

Petrit ya rufe ƙofar gaba, ya zagaya ya shiga. Har suka isa gareji bai iya ɗaga ido ya kalli madubi ba.